Furen da Baba Ya Jira

Ƙanena ne ya kawo ƙwayoyin, shekarar da ya zo hutun damina daga karatunsa a Maroko. Guda bakwai ne a cikin ambulan, masu faɗi, ruwan ƙasa, kamar maɓallin riga. Da na gan su sai na ce, "Yanzu fisabilillahi duk tsarabar Maroko a kan wannan ta ƙare? Ko darduma babu?" Ya ce in tambayi Baba, shi ya sa shi, kuma sau uku yana kiransa a waya yana tuna masa.

Baba ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu. Ya zuba ƙwayoyin a tafinsa, ya karkata kai ya kawo su kusa da idon dama, don na hagu ya riga ya mutu shekara biyu kafin nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwata, ita ce. Glisin ce." Uwata yake ce mani saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mani. Shi ya sa duk gidanmu ni kaɗai nake ɗaga masa murya in kwana lafiya.

Glisin mun san ta tun muna yara, amma a baki kawai. Baba malamin dabbobi ne, ya fi shekara talatin yana bin rugage daga Gamu har Alakos yana yi wa shanu da raƙuma allura. Yana saurayi aka tura shi istaj, wato koyon aiki, na wata shida a wani gari mai sanyi cikin duwatsun Maroko. A ƙofar gidan da ya sauka akwai wata itaciya mai yaɗo da ta rufe bango. Ya ce da sanyi ya fara janyewa, tun ganye bai fito ba, sai ta saki fure yana lilo ƙasa, kamar an rataye zangarniyar gero a juye, launinsa tsakanin shuɗi da ja, ƙamshinsa har cikin ɗaki. Mun ji labarin nan har mun haddace shi. In ya fara, Inna takan ce, "Malam, bara tsawon furen taƙi ɗaya ne, bana ya zama kamu guda?" Mu yi ta dariya, shi kuma ya ce, "Ku dai ku yi. Gani ya kori ji."

Lokacin da ƙwayoyin suka zo Inna ta yi shekara da rasuwa. Ni kuma maigidana ya riga ta, ƴaƴana sun yi aure, sai na dawo gidanmu na Gure da zama, ina kula da Baba, ina zuwa lakwal ɗin da nake koyarwa. Tun rasuwar Inna mutumin nan ba ya komai. Ya dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarma har rana ta kore shi, ya ja tabarmar ya bi inuwa. Amma washegarin zuwan ƙwayoyin, kafin in hura wuta na tarar da shi tsugune a gindin itacen bedi yana goga gefen kowace ƙwaya a kan dutsen wasa wuƙa, yadda ake yi wa ƙwayar bagaruwa don ruwa ya samu hanyar shiga. Ya jiƙa su kwana ɗaya a ruwan ɗumi. Ya sa na tankaɗe masa rairayi, ya gauraya da busasshen kashin awaki, ya cika ledoji bakwai ya jera su a inuwa.

Huɗu suka fito bayan kamar mako uku. Akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye ɗaya, ranar sai da unguwa ta ji muryata. Gara ta ci ɗaya. Biyun da suka rage ya dasa su a ƙasa kusa da zana, ya kewaye da ƙaya. A jikin zanar kuwa akwai duman da na shuka kusan rana ɗaya da su.

A nan muka yi lissafin da ya kai mu ya baro. Mu a nan duk abin da ke yaɗo mun san halinsa. Wake, duma, soso, kabewa, ka shuka da ruwan farko, kafin kaka sun yi fure sun yi ƴaƴa sun mutu. Da wannan ma'aunin muka auna glisin, ni da Baba. Shi tsohuwar itaciya ya gani cikin furenta, bai taɓa tambayar masu gidan shekarunta ba. Wa ke tambayar shekarun abin da ke bin bango? Kaka ta yi, dumana ya ba ni ƙwarya huɗu da ludayi, glisin kuwa da ƙyar ta kawo mani gwiwa.

Ga ta da tsirfa. Ruwan rijiyar gidanmu yana da ɗanɗanon kanwa, kamar yawancin rijiyoyin ɓangarenmu, mu mun saba, awakinmu ma sun saba. Ita kuwa kwana kaɗan ganyenta ya fara yin rawaya. Baba ya sa aka ajiye tono biyu, wato gangunan ƙarfe, a ƙarƙashin indararo ana tara mata ruwan sama, in ya ƙare sai ruwan famfo a bido, wato jarka. Na ce, "Baba, wannan ba itaciya ba ce, amarya ce." Ya ce, "Baƙuwa ce, Uwata. Baƙo ana yi masa abin da ba a yi wa ɗan gida."

Da sanyi ya shigo sai ganyen ya zube kaf, suka zama tsinke biyu a tsaye. Na ce sun mutu, a huta. Ya kankare bawon da farce ya nuna mani kore a ciki, ya ce haka take yi, barci take, kuma in ta farka da fure za ta farka. Sanyi ya fita, ta farka da ganye. Zafin bazara ya kashe ɗaya, saura ɗaya tal. Baba ya ce shekarar farko ba a ƙirga ta, sai badi. Ya sa aka kafa mata rumfa da ginshiƙai huɗu, a damina ta biyu ta kama ginshiƙi ta murɗe shi ta hau.

Bayan kakar wannan shekarar ne likitocin ido suka zo daga Damagaram suka yi ƴan kwanaki a likitar Gure, wato asibitinmu. Na ja Baba muka je, don na lura in zai dube ni sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, kuma sau biyu yana tuntuɓe da buta. Dama yana ɗiga magani safe da yamma tun mutuwar idon hagun. Wata likita ce ta duba shi, yarinya ce a kaina, amma ba ta da kwana-kwana. Ta ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in an yi masa aiki ana iya tsare abin da ya rage. Ta rubuta mana takardar randebu, ta zuwa a yi aikin, ta ce mu same ta a Damagaram, kada mu wuce wata biyu ko uku.

Ni da Baba muka kamo hanyar gida. Sai da muka shiga, ya zauna a ƙarƙashin rumfar, ya ce, "Ba yanzu ba."

Na ce, "Ba yanzu ba me?"

Ya kawo mani labarin wani abokin aikinsa da ya shiga ɗakin tiyata da ido ɗaya yana gani, ya fito ana ja masa sanda. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Kai da ka ƙare rayuwarka kana bin mutane cikin daji suna ɓoye maka shanu don tsoron allura? Kai da kake ce masu rigakafi ya fi magani har muryarka ta dishe? Yau kai ne za ka ɓoye saniyarka a bayan tudu?" Ya yi ƴar dariya, ya yi gunaguni da Barbarci yadda yake yi in an kama shi. Sannan ya ce, "Ban ce ba zan je ba. Ido ɗaya gare ni, Uwata. In wuƙa ta tafi da shi, shi ke nan. Ki bari sanyi ya fita in ga furen nan sau ɗaya a cikin gidana, ke ma ki gani ki san ba ƙarya nake yi maku ba. Washegari ki kai ni duk inda kike so."

Na lissafa, wata uku ne da ƴan kwanaki. Na ce to. Na sa takardar a cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa.

Sanyi ya zo ya fita. Kullum da safe Baba yana bin reshe da yatsa, yana kawo ido kusa da kowane toho. Duk suka buɗe, duk ganye. Na hasala na kira ƙanena, na ce wace irin juya ce ya kwaso mana, ko ƙwayar wata ciyawa ce ya tsinto a bakin hanya. Ya rantse glisin ce, da hannunsa ya tsinko kwanson, ya ce in ba shi kwana biyu ya tambayi tsohon da ke kula da garkar da ya samo ƙwayoyin, can Maroko.

Ina tsakar gidan lakwal lokacin hutun safe saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce tsohon ya yi masa dariya. Wai glisin da aka shuka daga ƙwaya sai ta yi shekara goma, ko sha biyar, wata ma fiye, kafin ta yi furen farko, shi ya sa su can ba sa shuka ƙwaya, reshen tsohuwa suke dasawa. Wai kuma tana son sanyi na gaske, irin wanda ruwa ke daskarewa, a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya ƙare rayuwarta ba ta yi ba. Tsohon bai yi ƙarya ba, yau shekararta takwas a gidanmu, ta rufe rumfa ta haura katanga, ko ƙwayar fure ɗaya ban taɓa gani ba. A ƙarshen saƙon ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah kada ki gaya wa Baba haka gatsau. Kin san abin nan shi ke tashe shi da safe." Na saurara sau uku. Aka buga ƙararrawa, yara suka shiga aji, ni ina nan zaune a kan dakali.

Na dawo gida da niyyar faɗa. Wallahi da niyyar faɗa na dawo. Na tarar da shi yana ɗaure wani sabon reshe da tsumma, yana ƴar waƙarsa, ya ji motsina ya ce, "Uwata, zo ki ga, ta ƙara taƙi guda cikin mako." Sai na ce, "Madalla." Na shige ɗaki.

Mutane suna ce mani mai baki, kuma gaskiya ne. Ina iya yi wa Baba faɗa a kan magani, a kan goro, a kan fita cikin rana ba hula. Amma wannan daban ne. Wannan in tsaya ne a gaban mahaifina in ce masa abin da ka shekara arba'in kana ba mu labari ba ka san shi ba, kuma abin da ya tashe ka daga tabarma bayan mutuwar Inna aikin banza ne. Ba a haka aka rene mu ba. A wurinmu magana mai nauyi ɗa ba ya kai wa uba da kansa, nemo tsaransa yake yi ya aika. Sai na yi abin da kowace ƴar Gure za ta yi, na nemi ɗan aike.

Baba yana da wani tsohon aboki Bafillace, tun zamanin allurar shanu suke tare, duk ranar kasuwa sai ya biyo ya sha shayi. Mu ta wajen Baba Barebari ne, kun kuwa san tsakanin Babarbare da Bafillace. Ba abin da ba sa faɗa wa juna, kowa yana kiran ɗan uwansa bawansa, kuma ba mai fushi. Na ga duk duniya ba wanda zai iya gaya wa Baba wannan maganar ido da ido sai shi. Na tare shi a bakin kasuwar dabbobi, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya dogara da sandarsa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗiyata, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bar ni da shi."

Da la'asar ya zo. Ina bakin madafa ina jin su. Bayan kofin farko ya ce, "Kai bawana, saurara. Wannan igiyar da kake bauta wa ba za ta yi fure ba. Ko jikanka ba lalle ya gani ba. Tashi ka je Damagaram a gyara maka ido tun kana ganin hanya."

Baba ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Jama'a ku zo ku ji! Bafillace zai koya mani itace! Kai da duk abin da ya yi kore sunansa abincin saniya? To malamin furanni, wa ya gaya maka?"

Tsohon ya juyo ya dube ni. Da na ɗaga kai na ce ni ce, da an gama a ranar. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa. Shi kuma ba zai tona ni a gaban ubana ba, sai ya ce, "Saniyata ce ta gaya mani." Baba ya ƙara kecewa da dariya, ya ce to a gaida saniyar. Tsohon ya sake gwadawa da zai tafi, ya riƙe hannun Baba ya ce da gaske yake, Baba ya ce ai Bafillace bai taɓa yin da gaske ba sai a kan nono. Na zaɓi mutumin da zai iya faɗa masa komai, na manta cewa saboda haka ne ma ba a ɗaukar maganarsa da nauyi. Da ruwa ya sauka ya bi shanunsa arewa, ban sake ganinsa ba sai bayan kaka.

Duk daminar nan na yi ta mita. In ce Baba lokacin da likita ta ba mu ya wuce. Ya ce alkawari alkawari ne, fure tukuna. In ce to in ba ta yi ba fa? Ya ce shekara uku ai ko mangwaron aure ya fara nuna alama, bana kam ba makawa. Ni kuma da na san gaskiya sai in yi ta zagaye ina duka gefe, ban taɓa dukan tsakiya ba. Ina kallo ya ajiye Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe ya koma karatu da ka. Ina kallo ya fara bin bango da hannu in zai fita masallaci. Abinci ya daina yi mani daɗi, a aji in yi ta yi wa ƴaƴan mutane tsawa ba su yi mani komai ba.

Abin da na yi bayan damina kuwa ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙanena. Na ce a raina, in itaciyar nan ta mutu, hujja ta ƙare, zai yi baƙin ciki mako biyu, sannan mu tafi. A lokacin ni ke ɗaukar masa bokiti, don ya daina iya ɗauka. Sai na daina ɗiba daga tono, na koma rijiya. Da na ga abin yana jinkiri sai na riƙa jiƙa ƙullin kanwa a ciki, irin wadda nake sa wa wake. Kwana goma ina yi. Ganyen ya yi rawaya, gefensa ya ƙone.

Shi launi ya riga ya fara ɓace masa, amma yatsunsa ba su makance ba. Wata safiya ya murza ganye ya ji ya yi ƙaras. Ya durƙusa a gindin, ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya ce, "Kanwa." Na jira ya juyo. Sai ya ce, "Daga ƙasa take tasowa. Saiwar ta kai inda ruwan rijiya yake. Uwata, taimake ni." Ko a mafarki bai kawo ni a ransa ba.

Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya durƙusa yana kwashe ƙasa da hannu, a hankali don kada ya tsinke saiwa. Ni kuma na ɗauki kwano na yi ta zirga-zirga zuwa tudun rairayin bayan unguwa ina kawo sabuwar ƙasa a ka, sawu bakwai ko takwas, ina tafe ina tsine wa kaina. Muka juye mata ruwan saman da ya rage gaba ɗaya. Da muka gama ya zauna yana haki, ya ce Allah ya yi mani albarka, ba kowace ɗiya za ta yi wa ubanta wannan wahalar a kan itace ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yarda in kashe abin da yake so a ɓoye, amma na kasa buɗe baki in faɗi magana ɗaya. Itaciyar kuwa ta farfaɗo, kafin sanyi ta fitar da sabon ganye.

Sanyi na uku ya zo, ganye ya zube, toho ya fara kumbura. Yanzu ba ya iya ganinsu ko ya kawo ido kusa. Sai ya kama reshe ya lalubo toho ya ce, "Uwata, duba mani wannan. Ya fi sauran ƙiba. Fure ne ko ganye?" In ce, "Ganye ne, Baba." Ya saki ya lalubo wani. Haka muke yi kowace safiya kafin in tafi lakwal.

Ranar da abin ya fashe, na wanke zane na rataye a jikin ginshiƙin rumfar, na koma ɗaki ɗauko jakata. Ina fitowa na ji yana magana. Yana tsaye a gaban ginshiƙin, reshe a hannu, yana miƙa wa zanen yana cewa, "Uwata, wannan fa? Duba da kyau." Ya yi shiru yana jiran zane ya ba shi amsa.

Na yar da jakar. Na ce, "Baba, ga ni nan bayanka! Ba za ta yi ba! Wallahi tallahi ba za ta yi ba!" Ina kuka ina faɗa, na gaya masa an tambayi mai garkar a Maroko, na gaya masa shekara goma zuwa sha biyar, na gaya masa maganar sanyi. Abu ɗaya na tsallake, ban ce masa tun yaushe na sani ba. Na bar shi ya ɗauka jiya saƙon ya zo.

Na shirya wa gardama, na shirya wa fushi, har na shirya wa ya ce in fita masa daga gida. Ya saki reshen. Ya ce, "Sha biyar? Ai ba ni da su." Sannan ya ce, "To. Ina takardar nan? Nemo mana mota."

Shi ke nan fa. Abin da na shekara ina tsoro, ko minti biyu bai ɗauka ba.

Kwana biyu bayan nan muna Damagaram. Likitar nan ce dai muka samu. Ta dubi ranar da ke jikin takardar, ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana haska idon. Da ta gama sai ta juyo gare ni ta koma Faransanci, ina jin don ta sassauta wa tsoho ne, ba ta san Faransancinsa ya fi nawa ba. Ta ce jijiyar ta kusa ƙarewa. Za su yi aikin don a rage masa ciwo, a gwada tsare ɗan hasken da ya saura, amma kada in sa rai. Ta ce da ko bara da bazara muka zo, da ta tsare masa abin da zai riƙa zuwa masallaci da ƙafarsa. Baba yana zaune a kan kujera, hularsa a cinya, ya ce mata ya gode, da Faransanci.

Aka yi aikin. Muka yi kwana tara a gidan wata ƴar uwar Inna. Da aka kwance bandeji yana iya bambance rana da inuwa, in mutum ya gifta ta ƙofa ya san wani abu ya gifta. Iyakarta ke nan, kuma har yau a nan ya tsaya. Duk kwanakin nan bai yi mani maganar da ta wuce ta abinci da alwala ba. Na ce ko ciwo ne.

A hanyar komawa motar ta tsaya a Gidimuni don azahar. Na sauko da shi, na zuba masa ruwa ya yi alwala, na daidaita shi gabas. Da ya sallame muka zauna a inuwar wata rumfa, masu rake da dabino suna ta zagaye mu. Na saya masa dabino na sa masa a hannu, bai ci ba. Yana juya shi a tafinsa ya ce, "Uwata."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Yaushe ƙanenki ya gaya maki?"

Ina iya yin ƙarya, ba wanda zai tona ni. Amma na gaji. Na ce, "Bara. Da sanyi ya fita."

Ya ci gaba da juya dabinon. Direba ya fara buga oda, mutane suna ta hawa. Baba ya ce, "Kafin abokina ya zo?"

Na ce, "Ni na aiko shi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai yi gunaguninsa na Barbarci ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon gefen kafaɗata.

Ya ce, "A lokacin ina ganin fuskarki sarai. Da kin zo da kanki."

Sannan ya miƙo mani hannu in tashe shi, na kama, muka nufi mota.